An Cinye Akuyar Kafin Sakamako Ya Fito

Ko zan manta da duk wahalar da na sha wajen neman zama cikakkiyar akanta, watannin nan da na yi ina jiran sakamakon jarrabawata ta ƙarshe ba za su taɓa fita daga raina ba. A tsakiyar shekarun dubu biyu ne. Ina aiki a sashen kuɗi na wata ma'aikata a Zuru, ina zaune gidan iyayena a Rikoto, ban yi aure ba tukuna.

Jarrabawar nan mataki-mataki ce, kuma na haye duka sai takarda ɗaya tak da ta tsaya mini a wuya. Ga shi wa'adin da ake ba mutum ya kammala ya zo ƙarshe. In na sake faɗuwa, duk waɗanda na ci a baya sun tashi a banza, sai dai in koma farko. Shekarun da na yi ina karatu bayan an tashi aiki, ƙawayena suna zuwa biki ni ina fama da lissafi, duk sun rataya a kan wannan takardar.

Na je Sakkwato na rubuta. Babbar tambayar ita ce haɗa lissafin ƙarshen shekara na wani kamfani, irin wanda dole ɓangarorinsa biyu su zo daidai a ƙasa. To nawa dai ba su zo daidai ba. Na bi layi-layi ina neman inda na kauce, gumi yana ɗiga a kan takarda, har aka ce a ajiye biro ban gano ba. Sai a mota, mun kusa gida, abin ya faɗo mini: wani adadi ɗaya na saka a ɓangaren da ba nasa ba. Na ce "Wayyo ni!" da ƙarfi, har matar da ke kusa da ni ta tambaya ko an yanke mini jaka ne.

Daga ranar na zama mai duba takardar kaina. Hamsin ake nema a ci. In na tashi da safe cikin daɗin rai sai in ba kaina hamsin da ɗoriya, kafin azahar na zabge su na dawo arba'in da wani abu. Ina kan kabu-kabu ina raba maki, ina tuƙa tuwo ina raba maki. Tambayata ɗaya ce ga duk wanda ya taɓa zama jarrabawar: shin masu duba takarda suna ba da maki a kan hanyar da mutum ya bi, ko amsar ƙarshe kawai suke dubawa? Wani abokin aikina ya ce suna bayarwa, in kwantar da hankalina. Wani kuma ya taɓe baki ya ce, "Ke kin san tulin takardun da ke gabansu? Ƙasan shafi kawai suke leƙawa, in bai yi daidai ba su ja jan biro." Wallahi da na san haka zai ce da ban tambaye shi ba. Na rame, abinci ya daina shiga, Mama tana ta tambaya ko zazzaɓi ne.

Duk wannan Baba bai sani ba. Tsohon soja ne, kamar rabin dattawan unguwarmu. A saninsa, in mutum ya shiga horo ya jure har ranar ƙarshe, to ya gama, saura fareti. Da na ce masa wannan ce jarrabawar ƙarshe, shi ke nan a wurinsa magana ta ƙare. Ya sanar da abokansa da suke zama tare a gindin mangwaro suna jiran labarin fansho. In zan wuce sai su ƙame su sara mini, suna cewa, "Ranki ya daɗe, Akanta!" Ni dai sai dariyar yaƙe.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da Mama ta gaya mini Baba ya je wurin fasto. A cocinmu, ranar godiyar kaka kowane gida yakan fito da waƙa da rawa ya kai abin da Allah ya ba shi a shekarar, mai dawa da daminsa, mai kaza da kazarsa, maigida kuma ya faɗi abin da suke godiya a kai. Baba ya ce bana a kaina gidanmu zai yi godiya. Har ya ware baƙar akuyarsa da za a yanka wa baƙi, ya fito da lambobinsa na soja yana gogewa. Sakamako kuwa sai bayan sabuwar shekara.

Na rasa yadda zan yi. Mutumin nan bai taɓa yin alfahari da komai ba sai da ni. Ana saura 'yan kwanaki, na bi shi gona a gindin dutse inda yake yankan dawa. Na tsaya a bayansa na ce, "Baba, ina ganin a dakata da godiyar nan. Sakamako bai fito ba, kuma ina tsoron na faɗi." Na yi masa bayanin adadin nan da na saka a inda ba wurinsa ba, da maganar maki. Kafin in gama kuka ya ƙwace mini.

Baba ya waiwayo ya dube ni. Sai ya ajiye lauje, ya juya zuwa yarenmu, abin da yakan yi in magana ta kai magana.

"Da kika ga lissafin ya ƙi, kin tashi kin fita?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Kin zauna har aka ce a tsaya?"

"Na zauna."

Ya ce, "To ni abin da na gani da idona ke nan. Na ga fitilarki ta karatun dare, na ga tafiye-tafiyenki. Abin da mutumin can zai rubuta da jan biro ban san shi ba, kuma ba a hannuna yake ba. Ɗauki damin nan mu tafi."

Na yi zaton zai je ya janye maganar a ɓoye. Ina! Ranar Lahadi ya saka lambobinsa a ƙirji, muka fita da rawa. Da aka miƙa masa makirufo sai ya ce, "Jama'a, 'yata ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe. Sakamako bai fito ba, kuma tana tsoron ta faɗi. Mun zo godiya ne don ta jure har ƙarshe. In ta ci, Allah ne. In ba ta ci ba, 'yata ce." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma abin mamaki, kafin mu koma kujera nauyin nan da ke ƙirjina ya sauka. Abin da nake ɓoyewa kowa ya ji, kuma ba wanda ya yi dariya. Mata suka yi ta rungumata a bakin coci. Ranar na ci naman akuyar nan har na nemi ƙari.

Ban ce tsoro ya tafi gaba ɗaya ba, amma na daina raba maki a kan kabu-kabu. Da labari ya zo cewa sakamako ya fito, na je shagon intanet da ke kusa da kasuwa. Shafin ya yi ta jan jiki, ya buɗe rabi ya tsaya, janareta ya mutu aka sake tayarwa. Da ya buɗe, sai ga kalma ɗaya a gaban lambata mai nuna cewa na ci. Babu maki, babu bayani. Har yau ɗin nan ban san nawa suka ba ni ba, ban kuma san ko sun duba hanyar da na bi ba.

Na sheƙa gida, na tarar da Baba a gindin mangwaro da abokansa. Ina haki na ce, "Baba, na ci! Na ci!" Tsofaffin nan suka miƙe da sowa. Shi kuwa ya kalle ni, idanunsa sun cika da ƙwalla, amma ya daure fuska irin ta soja ya ce, "Madalla. Sai dai ki sani akuya ɗaya ce, kuma an cinye."

Baba ya rasu tuntuni. Yanzu ni ce yara masu jiran sakamako suke zuwa wurina da ido ja suna tambayar yadda ake raba maki. Nakan gaya musu abin da na sani, sannan in tambaye su ko sun zauna har aka ce a tsaya. Abin da na koya ke nan a gonar dawar nan: wanda ya yi iya ƙoƙarinsa kada a bar shi yana jira shi kaɗai, kuma kada a jira sai ya ci kafin a nuna masa ana tare da shi.