Ranar da Surukina Ya Miƙo Mini Zarto

Shekarun baya, a shekarar farko ta aurena, ina zaune da matata a wani ƙaramin gidan haya a unguwar Glenwood da ke Greensboro, ina karatun digiri na biyu. Ni ɗan Wusasa ne, a coci na tashi, amma bishiyar Kirsimetin da na sani ta roba ce, wadda mahaifiyata ke cirowa daga kwali duk shekara ta kaɗe mata ƙura. Matata kuwa baƙar fatar Amurka ce, haifaffiyar nan Greensboro. Iyayenta suna McLeansville, can bayan gari inda gidaje ke nesa da juna.

Tsakanina da surukina babu faɗa, amma babu hira. Tsohon makanike ne, dogo, ba ya son yawan magana. Ni kuma yadda aka tarbiyyantar da ni nake yi masa. In zan gaishe shi sai na rusuna, ban taɓa kiran sunansa ba, ba na kallon idonsa, in an zuba abinci muna tebur ɗaya sai in ɗan tsakura in ajiye cokali. A ganina babu surukin da ya kai ni ladabi a duk jihar.

Wata rana matata ta ce mini, "Ka san Baba yana ganin ba ka son shi? Ya ce mutumin da ba ya kallon idonka akwai abin da yake ɓoyewa."

Na buga wa mahaifiyata waya na faɗa mata. Ta ce, "Kul! Kada ka sake ka zazzare wa uban matarka ido. Amurkar ce za ta lalata ka?" Sai na rasa ta wa zan bi.

Ƙarshen Nuwamba, wata Asabar da safe, sai ga shi da a-kori-kurarsa a ƙofar gidanmu. Ya ce in sa rigar sanyi, za mu je yanko bishiya, mu biyu kawai. Matata ta raɗa mini cewa tun da aka haife ta, shi yake yanko bishiyar Kirsimeti da hannunsa, ko ɗan'uwanta bai taɓa bari ya taɓa zarton ba.

Gonar da muka je ba ta da nisa da gidansu. Bishiyoyi ne jere layi-layi, kowa ya zaɓi tasa ya yanka. Ni da na saba rakiyar abokai kasuwar raguna, kai tsaye na nufi wadda ta fi kowacce girma da cika, na dafa ta na ce, "Baba, ga ta nan." Ya dube ta daga sama har ƙasa, ya dube ni, ya ce, "Rufin gidan za ka cire, ko a waje za ku kwana da ita?" Ranar na fara jin dariyarsa, kuma ni ake yi wa.

Daga nan ya shiga koya mini. A kama reshe a ja hannu a kansa, in siraran ganyen suka zube a tafin hannu, ta bushe, a wuce. A zagaya ta a ga ko akwai gefen da ya yi sanƙo. A duba gindin, in a karkace yake, duk dabararka ba za ta tsaya daidai a ɗaki ba. Mun ƙi wajen guda shida kafin ya tsaya gaban wata madaidaiciya ya ce wannan.

Ya durƙusa, ya kara zarto a gindinta. Sai na ga zarton yana tsalle. Ya sake karawa, ya goce. Hannunsa na dama rawa yake yi, kuma ba rawar sanyi ba ce. Ya kama shi da na hagu, ya gwada na uku, haƙoran zarton suka kankare ɓawo kawai. Ya sunkuyar da kai. Can na hango mai gonar yana tahowa da injin yanka a hannu, yana tambayar mutane ko akwai mai son taimako.

Na san in mutumin nan ya iso ya yanke masa, surukina zai koma gida da abin da ya fi ciwon hannu. Na kuma san in na ce masa, "Kawo in taimaka, ba za ka iya ba," ni da shi mun gama ke nan. Sai na tsuguna kusa da shi na ce, "Baba, akwai abin da ke damuna. A wajenmu, wanda ya auri 'yar mutum shi yake yi masa noma. Abin kunya ne a ga suruki yana aiki, mijin 'yarsa na tsaye hannu a aljihu. In mahaifiyata ta ji na yi haka yau, ba zan sha da daɗi ba. Ku rufa mini asiri."

Ba ƙarya na yi ba, haka abin yake. Ya daɗe yana kallona, ni ma a karon farko ban sunkuyar da kai ba. Sannan ya juya zarton, ya miƙo mini ta wajen mariƙin. Ya tashi ya riƙe bishiyar daga sama, ya ɗaga wa mai gonar hannu cewa ba ma bukata.

Ni fa gatari na iya, ba zarto ba. Na danna shi da ƙarfin tsiya har ya maƙale. Ya ce, "Daina kokawa da shi. Ja a hankali, shi zai ci da kansa." Na bi maganarsa, ba a jima ba bishiyar ta kwanta. Hannuna duk danƙo, gwiwar wandona duk laka, amma ina jin kaina kamar na kayar da bishiyar kuka.

Da muka ɗaure ta muka shiga mota, bai tayar ba. Ya ce tun watan Afrilu rawar hannun ta fara, ya ga likita, matarsa ce kawai ta sani. Bai san yadda zai faɗa wa 'yarsa ba. Sannan ya tambaye ni dalilin da ya sa ba na kallonsa. Na yi masa bayanin kunyar suruki, har da maganar cin abinci. Ya ce, "Wato duk watannin nan da yunwa kake tashi daga teburina?" Na ce ƙwarai, a hanya nake tsayawa in sayi kaza. Ya yi dariya har da tari.

Na ce masa, "Baba, ba zan faɗa mata ba, ba maganata ba ce. Amma in ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba." Ya gyaɗa kai, ya tayar da mota.

Da muka isa gidanmu ya sa na sake yanke ɗan guntu daga gindin, ya ce ta nan za ta riƙa shan ruwa. Muka saka ta a mazauninta na ƙarfe, na kwanta a ƙasa ina murɗa kusoshin da ke riƙe ta, shi yana tsaye daga bakin ƙofa yana cewa hagu kaɗan, ya yi yawa, koma dama. Da ta tsaya cak na zuba mata ruwa, ƙamshinta ya cika ɗakin. Sai na ji ya kira matata ya ce ta zo kicin, yana son magana da ita.

Ni dai ban fito daga ƙarƙashin bishiyar ba. Na fi rabin sa'a ina murɗa kusoshin da suka riga suka ɗauru. Na ji kukanta, na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, daga baya na ji an ɗora tukunya. Ranar na ci faranti biyu a gabansa.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, taimaka wa babba ba ƙarfi yake bukata ba, ƙarfin kowa yana da shi. Aikin yana wajen nemo hanyar da zai karɓa ba tare da ya ji an rage shi ba. Na kuma gane cewa ladabin da mutum bai san ladabi ba ne, bai isa wurinsa ba tukuna, sai ka buɗe baki ka fassara masa.

Yanzu jikin ya yi nauyi, ba ya tuƙi, maganar ma sai a hankali. Duk ƙarshen Nuwamba ni nake zuwa in ɗauke shi, in kafa masa kujera a bakin gona, in lulluɓe masa ƙafa da bargo. Bara wani da ke wucewa ya tsaya ya tambaye shi ko ni mai kula da shi ne. Ya daɗe kafin maganar ta fito. Ya ce, "A'a. Ɗana ne."