Wadda Ta Hana Likitana Shiryuwa Dare Ɗaya

Ina cikin zaɓar wa wata mata maɓallai a shagona 'yar maƙwabciyata ta kira ni a waya. "Anti, Mama ta rasu," ta ce, sai kuka. Na ajiye wayar, na ci gaba da jera maɓallai har matar ta riƙe hannuna ta zaunar da ni.

Marigayiyar tela ce, shagonta na manne da nawa shekara goma sha ɗaya. 'Yan layinmu Almakashi suke ce mata saboda bakinta, ni kuwa Yaya nake kiranta. Ba ta iya karatu sosai ba, amma babu littafin soyayyar da ya shigo layin nan ba ta sa an karanta mata ba. Da ta gano ina rubuta nawa a ɓoye cikin littafin makaranta, sai ta kafa mini doka: kullum da rana in zo in karanta mata tana ɗinki.

Ba ta yabo da baki. Idan labari ya kama ta, sai ƙafarta ta tsaya a kan keken. Idan kuwa keken ya ci gaba da ruri, na san shafin nan ya mutu.

Jarumin littafina likita ne, kyakkyawa, mai girman kai, bai taɓa kuskure ba. A babin ƙarshe na sa ya yi hatsarin mota, ya farka yana kuka yana neman gafarar budurwarsa. Ina karantawa ina share hawaye, keken kuwa bai tsaya ba.

"Marubuciya," ta ce, "motar ce ta koya masa hankali?"

"Ai ya yi nadama, Yaya."

"Nadamar ciwo ce. Bari a cire masa bandeji ki gani. Shafi ɗari biyu mutumin nan bai taɓa ba ni dariya ba. Namijin da ba zai iya dariyar kansa ba, wa zai zauna da shi? Ki ceci yarinyar mutane."

Na yi fushi, sati biyu ban leƙa ta ba. Ita kuma ta riƙa aiko mini da saƙo ta taga: "A gaida Likita, ya jiki?" Sau shida na sake babin, sau shida ta mayar da ni. Ana haka ciwonta ya tashi, aka rufe shagon. Ni dai na sa a raina littafin nan ba zai fita ba sai ta amince, kuma ina ganin yadda take ramewa.

Wata ranar Talata na kai mata na bakwai asibiti. Na cire hatsarin. Na sa Likita ya je gidan su yarinyar, ya tarar famfo na yoyo, ya hana a kira mai gyara don shi ya iya komai. Ya murɗa, ruwa ya ɓalle, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas a gaban mahaifinta. Ya dubi wandonsa, ya fashe da dariya, ya ce, "Baba, ban iya ba. Ina tsumma?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, nas ta leƙo tana hararata.

"Yanzu ya zama mutum," ta ce da numfashinta ya dawo. "Wannan ko 'yata zan ba shi."

"To littafi ya ƙare, Yaya?"

"Ya ƙare. Sai dai hancin nan nasa, kin cika masa tsawo."

"Hancin kam zan bar masa."

"Bar masa mana," ta ce tana gyara filo. "Dama na san ke kike sonsa."