Shekarar da Maigidana Ya Bi 'Yan China Saudiyya

Maigidana mai walda ne. Shagonsa a Rafin Guza yake, kusa da gidan mahaifinsa inda muke zaune, har wani kamfanin 'yan China ya ɗauke shi aikin layin dogo. Da aikin ya ƙare, suka ce sun samu kwangilar gina tankunan mai a Saudiyya, za su tafi da waɗanda hannunsu ya faɗa. Yana cikinsu.

Surukata ta yi ta murna, a zatonta a Harami zai riƙa sallah kullum. Sai da ya isa muka san can gabas yake, a bakin teku, nesa da Makka ƙwarai. Duk Juma'a yakan kira bayan an sauko daga masallaci, ya yi ƙorafin shinkafar sansaninsu da ba gishiri ba yaji.

Ni da labaran duniya ba su dame ni ba, na koma ina kasa kunne ga rediyon surukina. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, kuma shi ya fahimtar da ni cewa China ce kan gaba wajen sayen man sarakunan Larabawa, su kuma suna ba kamfanoninta ayyuka. Ranar da aka ce China ta sasanta Saudiyya da Iran, har kirana ya yi daga madafa ya ce in kwantar da hankalina.

Hankalin bai daɗe a kwance ba. Aka fara jin ana kai wa jiragen ruwa hari a yankin, sannan Juma'a ta zo ta wuce maigidana bai kira ba. Ta gaba ma shiru. In na kira layinsa, muryar wata mata ce ke maimaita magana da Larabci. Na hau keke napep zuwa tsohuwar farfajiyar kamfanin a hanyar Katabu, maigadi ya ce ai tuni suka kwashe, bai san lambar kowa ba. A hanyar dawowa har na wuce layinmu ban sani ba.

Na tarar da surukina a zaure, na durƙusa.

"Baba, in rikici ya ɓarke, wa zai kwaso su?"

"Mai saye ba ya son kasuwa ta watse, 'yata. In ma ta watse, 'yan China ba sa barin nasu."

Daga nan ya shiga murɗa rediyo. Ni da shi mun san ɗansa ba nasu ba ne.

Ina wanki wata Talata wayar ta yi ƙara. Maigidana ne, lafiyarsa ƙalau, har yana mamakin kukana. Ashe wani sabon aiki aka kai su cikin hamada, inda waya ba ta kamawa, ba a kuwa faɗa musu ba sai da suka shiga mota. Kafin in gama share hawaye ya ce kamfanin ya samu wata kwangilar a Kuwait, suna so ya bi su, me na gani?

Na ce ya yi magana da Baba, na miƙa wayar. Sun daɗe suna magana, ina tsaye da kumfa a hannu. Baba ya sa masa albarka. Ya bi su Kuwait, yana can har yanzu, kuma 'yarmu da ya bari tana rarrafe ta shiga makaranta bana.