Maitar da Kyamara Ta Liƙa wa Gwaggona

Shekarun baya, kafin aure ya zaunar da ni wuri ɗaya, ina cikin wata 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo a Ikara. Kyamara ɗaya gare mu, ita ma ta yayana ce muke ara, sauran duk ƙarfin hali ne. Shugabanmu ya kalli finafinan ban tsoro har sun zauna masa a kai, sai ya ce mu ma dole mu yi namu. Kun dai san tsarin: tsamiya, farin ƙyalle, budurwa mai ihu, tsohuwa mai jan ido, a ƙarshe wani ƙato ya zo ya ceci kowa. Ni aka ba budurwar. Aikina in kurma ihu in faɗi, shi ke nan. Na faɗi a gonar rake, na faɗi a bakin rijiya, har gwiwata ta saba da ƙasa.

Tsohuwar ce aka rasa, sai idon shugaba ya sauka kan gwaggona, yayar babana. A Likoro take zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta, tana yin daddawa tana kaiwa kasuwar Makarfi. Hayaƙin dafa kalwa ya rina mata ido. Shugaba ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Gwaggo, za ki fito mana a mayya?" Ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Yo ni da ban taɓa ganin kaina a talabijin ba? Ku kawo gawayin ku shafa min."

Wallahi ta iya! Ni da na san ta, sai da tsigar jikina ta tashi.

Ba a gama fim ɗin ba, wani mai rawar kai a cikinmu ya tura guntun da take kallon jariri tana lasar leɓe. Daga wannan waya zuwa waccan, har ya isa Likoro, babu farko babu ƙarshe. Kasuwa ta ci ta watse, ba wanda ya taya daddawarta. In ta bi hanya, mata su janye yaransu. Ana cikin haka ɗan maƙwabciyarta ya kwanta zazzaɓi, uwar ta zo ƙofar ɗaki tana kumfar baki, wai sai Gwaggo ta tsallaka shi, kamar yadda ake sa wanda ake zargi da maita ya yi don ya saki kurwa. Gwaggo ta ce, "In na tsallaka ai na amsa ke nan." Ta ja ƙofarta ta rufe. Yaron dai zazzaɓin cizon sauro ne, an kai shi asibiti ya warke, amma sunan ya riga ya bi ta. Da na je, sai na tarar da Gwaggo, matar nan mai barkwanci, tana share hawaye da bakin zani.

Ban zame ko'ina ba sai wajen shugaba. Ya ce, "Haba, kowa ya san wasa ne. Haka ake yi ko'ina. In babu mayya, wa zai ji tsoro?"

Na ce, "To me ya sa kullum mace? Kullum tsohuwa marar gata? Ka taɓa ganin an ɗauko mai babbar riga da mota an ce shi ne mayen? Mu dai ko mu ci mutane ko mu faɗi, ba mu da wani aiki?"

Ya fara kawo min tarihin fim. Na ce ya riƙe tarihinsa, ko a sake labari ko in maida wa yayana kyamararsa. Nan take jikinsa ya yi sanyi.

Gwaggo kuwa cewa ta yi ita da kyamara haihata-haihata. Sai da na ce mata, "A wannan karon maza za su gudu, ke za ki tsaya." Ta dube ni a karkace ta ce, "Ja'ira. Yaushe za a fara?"

Muka bar farkon yadda yake. Sannan muka saka abin da ya faru da ita: gari ya taru a ƙofarta, ana cewa sai ta tsallaka yaro. Daga baya asiri ya tonu, ashe wani attajiri mai fara'a ne yake sace yaran garin yana kai wa bokansa. Shugaba da kansa na sa ya hau matsayin attajirin, ya ɗanɗana. Ƙaton da ke ceto ya yar da gora ya ranta a na kare. Tsohuwa ce ta yi bisimilla ta kutsa kangon da aka ɓoye yaro, muciya a hannu, ta fito da yaro a goye, ni kuma ina biye da ita da fitila, ban faɗi ba ko sau ɗaya.

Shugaba ya ce a haska a gidan kallo. Na ce, "Ka ji ka! Mata na shiga gidan kallo ne? Maza ne ke sayen daddawa?" Na samu wata mai aurar da ɗa a Likoro, na roƙe ta. Ranar yinin biki, bayan la'asar, muka tada janareta muka girka talabijin a tsakar gida. Gwaggo ta ci kwalliya da sabuwar atamfa ta zauna a gaba. Ba wadda ta yarda ta haɗa tabarma da ita.

Da aka zo wajen tsallaka, mata suka zuba wa talabijin ido. Can wata tsohuwa ta ce, "Kai, wannan ai zalunci ne." Da Gwaggo ta fito daga kango kuwa, guɗa ta ɓarke, har masu tuƙin tuwo suka bar murhu suka taho. Ina cikin murna sai na ga maƙwabciyar nan ta miƙe da ɗanta a kafaɗa. Ta ratsa mata har gaban Gwaggo, ta ɗora mata yaron a cinya, kanta a ƙasa ta ce, "Gwaggo, riƙe min shi in gyara zanina."

Zanin nan babu abin da ya same shi, kowa ya gani. Gwaggo ta rungume yaron ta hau yi masa wasa. Ni kuwa kuka na fashe da shi, na daɗi.

Har yau ina son fim ɗin ban tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Amma na gane abin da birni ke kira wasa, a ƙauye yana iya hana mutum cin tuwo. In na ga an sake ɗauko tsohuwa an shafa mata gawayi, sai in tambayi kaina unguwar da za ta koma bayan an kashe kyamara. Tawa dai ta koma da kanta a sama, kuma ranar kasuwar da ta biyo, kafin azahar daddawa ta ƙare, ta kife ƙwaryarta.