Nevena Zlatareva da Hannunta na Hagu

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Nevena Zlatareva a shekarar 1941 a garin Gabrovo na ƙasar Bulgeriya. Mahaifinta, Hristo Zlatarev, ma'aikaci ne a masaƙar ulu ta bakin kogi, mahaifiyarta Donka kuwa ɗinki take yi a gida. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya huɗu, kuma Allah ya halicce ta bahaguwa, al'amarin da bai dami kowa ba sai da ta shiga makarantar firamare a 1948, inda malamar aji ta riƙa ɗaure mata hannun hagu a jikin kujera, kamar yadda ake yi wa kowane bahagon yaro a wancan zamani, har ta koyi rubutu da dama. Zane dai babu wanda ya ɗauke shi a bakin komai, saboda haka aka bar mata shi, ta ci gaba da zana kyanwar gida da kakarta mai gyangyaɗi da hannun da aka halicce ta da shi.

Karatu a Kwaleji

A watan Satumba na 1959 ta sami gurbi a wata kwalejin koyon zane da ke kudancin ƙasar, wadda mai wannan rubutu ba zai ambaci sunanta ba, domin bai ga ta cancanci ambato ba. A aji ɗaya ya zauna da ita, allon zanensa yana dab da nata, don haka abin da zai biyo baya da idonsa ya gani.

Shekarar farko ta tushe ce, ba a taɓa fenti. Ɗalibi zai shafe watanni yana jan miƙaƙƙen layi da gawayi, sannan a ajiye masa akwati da ƙwallo da tulu ya koyi awo da nisa da kusa, sannan haske da inuwa, kafin a ƙarshe a ba shi kan mutum-mutumi na farar ƙasa. Wanda ya haye wannan shekara da daraja shi ake kaiwa sashen zanen hotuna, burin kowa ke nan; saura kuwa a tura su sashen zanen tambarin kaya.

Malamin wannan aji shi ne Farfesa Kalin Mutafov, mutum mai ƙaton tumbi da ƙaramar zuciya, wanda al'adarsa ita ce ya yi gyara a kan takardar ɗalibi da gawayinsa, kamar yadda malaminsa ya yi masa. Ana yin inuwa ne da ƙananan layuka jere da juna, kuma layukan mai dama sukan karkata ta ɓangare guda, na bahago su karkata ta ɗaya ɓangaren. Idan Mutafov ya ɗora nasa a kan na Nevena sai su gitta juna kamar ragar kaji, gyaransa ya fito a fili yana ɓata zanen. Maimakon ya yi mata gyara da baki, sai ya kafa doka tun makon farko cewa a ajinsa da dama ake zane. Ta bi, ta zama ɗaliba mai matsakaicin ƙoƙari, alhali duk wanda ya ga abin da take zanawa da hagu a ɗakin kwana ya san babu na biyunta a cikinmu.

A watan Mayu na 1960 aka ba mu jarrabawar ƙarshen shekara, wato zana kan wani tsoho mai gemu. Da ta ga hannunta na dama ba zai kai ta sashen hotuna ba, sai ta riƙa sauya hannu duk lokacin da Farfesa ya fita cin abincin rana, wanda ba ya ƙarewa da wuri. Ranar duba aiki ya tsaya gaban allonta ya daɗe yana kallo, domin gemun nan sai ka ce iska za ta kaɗa shi.

"Na san ku mutanen Gabrovo da rowa," in ji shi, "amma ban san har hannun dama kuke adanawa don kada ya ƙare ba."

Wasu 'yan neman suna suka yi dariya. Nevena ta ce, "Kwamared Farfesa, nuna mini inda na yi kuskure, yanzu in gyara."

"Babu kuskure. Babu inda zan sa hannuna, shi ne laifinsa."

Ya ciro tsumman goge allo ya share zanen daga sama har ƙasa. Wannan shi ne zalunci mafi ƙazanta da mai wannan rubutu ya taɓa gani a ɗakin karatu, kuma har yau in ya tuna sai ransa ya ɓaci. Hukumar kwalejin ta goyi bayan malaminta, aka rubuta cewa ɗalibar ta saɓa umarni, aka ce ta maimaita shekara.

Da ta je gida da niyyar ba za ta koma ba, mahaifinta ya ce mata, "'Yata, injin da nake aiki da shi ma don masu dama aka ƙera shi, kin taɓa jin na kai ƙara? Ba su hannun da suke so, ki karɓo takardarki." Ta koma, ta maimaita da dama, aka tura ta sashen tambari, ta kammala a 1964. Daga ranar tsumman nan ba ta sake zane da hagu ba, ko a ɓoye.

Aiki

A shekarar da ta kammala, hukuma ta tura ta wata masana'antar sabulu a garin Kazanlak, inda ta yi shekara talatin da biyu tana zana furanni a takardar naɗe sabulu, fure ja, fure fari, fure mai ganye biyu idan manaja ya ga dama. Ba ta taɓa makara ba, ba a kuma taɓa yaba mata ba. A cikin waɗannan shekaru ne Mutafov ya rasu, a 1981, cike da lambobin girma, kwalejin ta sa wa babban zaurenta sunansa, ba tare da an iya nuna zane ɗaya nasa da wani ya tuna ba.

Aure da 'Ya'ya

A 1966 ta auri Lyuben Minkov, direban motar fasinja, mutum mai barkwanci, wanda bai san matarsa bahaguwa ce ba sai ranar da ya ga ta jefi karen maƙwabta da takalmi da hannun hagu ba ta kuskure ba. "Ashe bahaguwa na aura," in ji shi, "shi ya sa duk faɗanki ta inda ban zata ba yake ɓullowa." Ta ce masa ya yi hankali, takalmin ƙafa biyu ne. Sun haifi Boyan a 1967, Zornitsa a 1970, da Asen a 1974. Lyuben ya rasu a 1997, shekara guda bayan ta yi ritaya.

Shekarun Ƙarshe

A 1999 ta gamu da shanyewar ɓarin jiki na dama. Likita ya ba da shawarar a riƙa ba ta abin da za ta motsa yatsun da suka mutu, sai 'yarta Zornitsa ta sayo takarda da gawayi ta ajiye mata. Tsohuwa ta kalli gawayin, ta miƙa hagu ta ɗauka.

"Mama, da dama likita ya ce."

"Dama ta yi musu bauta shekara arba'in. Ƙyale ta ta huta."

A shekaru shida da suka rage mata ta zana jikokinta, da matan kasuwa, da mijinta daga abin da ta tuna na fuskarsa, har labari ya bazu mutane suna zuwa daga nesa su gani. Abin takaici shi ne hannun bai manta komai ba. Wato dai shekara arba'in na irin wannan aiki aka kashe don wani ya sami wurin sa gawayinsa.

A 2004 kwalejin, wadda ba ta san kunya ba, ta aiko wani matashin malami da roƙon a ba su zanenta su rataya a Zauren Mutafov, a matsayin aikin ɗaya daga cikin ɗaliban marigayin. Ta sa aka kawo masa kofi, ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ɗana, kai ba ka da laifi. Je ka gaya musu zanena guda ɗaya ne suke da hakki a kansa, yana jikin tsumman malaminsu. Su nemo su rataya."

Rasuwa da Jana'iza

Nevena Zlatareva ta rasu a gidanta da ke Kazanlak ranar 9 ga Fabrairu, 2005, tana da shekara sittin da uku. Tsofaffin matan da suka shirya gawar sun harɗe mata hannuwa a ƙirji, dama a kan hagu, kamar yadda al'adar coci ta tanada. Ana gab da fara addu'a Zornitsa ta matsa gaban akwatin ta sauya su, ta ɗora hagu a sama.

"'Yata, ba haka ake yi ba," in ji limamin cocin a hankali.

"Fada, tun tana 'yar shekara bakwai ake yi mata yadda ake yi. Yau ɗaya a bar ta."

Limamin ya dube ta, ya dubi gawar, ya buɗe littafinsa ya ci gaba. Haka aka rufe akwatin, aka binne ta kusa da mijinta a maƙabartar garin, aka raba sadakar dafaffiyar alkama ga mahalarta, kamar yadda aka saba a can. Kwalejin ta aiko da furanni, iyalin suka bar su a bakin ƙofa.

Ta bar 'ya'ya uku: Boyan, makanikin jirgin ƙasa a Ruse; Zornitsa, ma'aikaciyar jinya a Kazanlak; da Asen, malamin firamare a Gabrovo. Ta kuma bar jikoki biyar, da zane sama da ɗari biyu, inuwar kowannensu ta karkata ta ɓangaren da aka haramta mata, babu ko ɗaya da wani ya sa wa hannu don gyara.