Rigar da Aka Sa wa Malam Kamaluddeen

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Ƙafin Maiyaki ya ga aikin Gwadabe Mai Fenti, ko da bai san shi ba. Allon kemis, bayan motar itace, ƙofar Islamiyya, duk rubutunsa ne. Mutumin Dangora ne, dogo siriri, magana ba ta dame shi ba. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan yana hawa tsani, kuma tsanin ya gama cinye masa gwiwoyi.

Akwai zauren taro na wata ƙaramar hukuma a nan kudancin Kano, ba sai an kama sunanta ba. Sau shida Gwadabe yana rubuta suna a goshin zauren nan, domin kowane sabon ciyaman da nasa gwanin. Tun yana tambayar ko wane ne mai sunan har ya gaji ya bari. A miƙo masa takarda kawai, ya kwafa, ya sauko.

Bana da sakatare ya miƙo takardar, sai ya ga an rubuta "Zauren Kamaluddeen Yusuf". Sai da ya nemi wuri ya zauna.

Ya san mutumin, sani kuwa na gaske. A zamanin mulkin soja, lokacin Gwadabe bai daɗe da aure ba, aka ƙwace gonakin wani ƙauye aka bai wa wani mai hali. Shi ya rubuta wa manoman kwalayen koke, don haka aka haɗa da shi aka kulle. Babu wanda ya waiwaye su sai wani ɗan jarida, Kamaluddeen ɗin nan, da ya zo a kan tsohon babur, ya buga sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ladan da ɗan jaridar ya samu, shi ma aka jefo shi cikinsu. Kwana arba'in suka yi a ɗaki ɗaya, yana rubutu a takardar buhun siminti, masu kawo abinci suna fita da ita. Bai sarara ba sai da aka sake su, aka mayar da rabin gonakin. Haka ya ƙare rayuwarsa, daga wannan kotu zuwa waccan a kan haƙƙin talakawa, ya rasu a gidan haya. Kullum cikin riga mai gajeren hannu yake, biro a aljihu, kai babu hula.

Sakatare ya ce har hotonsa ake so a bangon waje. Mako biyu Gwadabe ya yi a kan tsani da fentin mai, mai kyan gaske. Ya fito da shi sak, har 'yar wushiryarsa. Rabonsa da jin daɗin aiki haka har ya manta.

Ciyaman ya zo dubawa, ya yamutsa fuska. Ya ce, "Haba Baba Gwadabe! Wannan ai sai ka ce ɗan kamasho a tasha. Manyan baƙi fa za su zo. A sa masa babbar riga da hula, karrama shi muke yi."

Gwadabe ya ce, "Ranka ya daɗe, ai haka yake. Ban taɓa ganinsa da babbar riga ba."

"In ba za ka iya ba, akwai masu iyawa a Kano."

Gwadabe ya ji gajiya ta sauko masa har cikin ƙashi. Ba shi da ƙarfin musu, kuma ba ya son hannun wani ya taɓa fuskar nan. Ya sake hawa, ya zuba masa riga har da aska takwas, ya kafa masa hula. Amma da fentin ruwa ya yi, ya kuma tsinka shi sosai, don ya san ba ya kama jikin fentin mai. Damina biyu ta isa ta wanke shi tas.

Ranar buɗewa aka kawo Malama Maimuna, matar marigayin, ta tsufa tukuf. Aka sha jawabai, aka yaye ƙyalle, aka tafa. Ita dai kallon bangon take yi. Can ta sa aka kira mata Gwadabe, ya zo ya durƙusa da ƙyar.

Ta ce, "Malam Gwadabe, har da kai? Kai da kuka ci tuwo a kwano ɗaya? Wannan wane alhaji ne?"

Kunya ta rufe shi. Ya rage murya ya ce, "Malama, yana nan a ƙarƙashi. Fentin ruwa na sa. Ki ba shi damina biyu, zai fito da rigarsa da bironsa."

Ta sake ɗaga kai ta dubi hoton. Sannan ta ce, "Allah ya saka maka. To amma waɗanda suka san shi, daga ni sai kai muka rage. In ya fito ba ma nan, cewa za su yi fenti ne ya lalace, su kira wani ya mayar masa da babbar rigar."

Manyan baƙi suka jeru a gindin bangon, aka fara ɗaukar hoto.