Ranar da Na Soke Lafiya Lau

Maƙwabciyata ta faɗa wa kyamara abin da ta ɓoye mini, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Gida ɗaya muke haya a unguwar Obiagu ta Inugu, ƙofa na kallon ƙofa, igiyar shanya ɗaya. Tun rasuwar mijinta, kullum da safe sai na tsaya na yi mata gaisuwa irin tamu, ba irin ta yaran da aka haifa a Inugu ba, masu jefa wa mutum kalma ɗaya suna tafiya. Ina kwana, ina gajiya, ya ƙarin haƙuri, ya yara a Fatakwal. Ita kuwa amsarta ɗaya ce: lafiya lau.

Sai ga 'yar mai goron layinmu, wadda ta yi jami'a, ta aro kyamara wai za ta yi fim da kanta. Ba waƙa, ba rawa, ba jarumi. Na tambaye ta na mene ne, ta ce na kaɗaici.

Na ce, "A gidan da sai an bi layi kafin a shiga banɗaki? In kin samo kaɗaicin ki ɗibar mini."

Ta yi dariya. "Gwaggo, ki dai zo ki kalla."

A ajinmu na yaƙi da jahilci aka haska shi, a jikin farin zani. Rabin fim ɗin ruwan sama ne yana dukan kwano, sai wani ɗan dako na kasuwar Onitsha yana kallon wayar da ba ta yi ƙara ba. Har na fara gyangyaɗi. Can sai ga maƙwabciyar tawa, da mayafin da na ara mata, tana cewa har yanzu shinkafar mutum biyu take aunawa. In ta sauke, sai ta rasa wanda za ta ce wa bismilla, ta rufe tukunya ta kwanta da yunwa.

Tana zaune kusa da ni a kan benci. Na zungure ta.

"Hajiya, ke ce wannan?"

"Ni ce, Yaya."

"To ina lafiya lau ɗin?"

"Ai gaisuwa kike yi. Wa ke amsa gaisuwa da kuka?"

"Ita kyamarar fa?"

"Ita ba ta gaishe ni ba. Zama ta yi, ta yi shiru."

Na juya kan mai fim ɗin. Na ce mace tana ramewa a gabana ina ɗora laifin a kan zazzaɓi, ke kin sani, kika tafi harhaɗa hotuna?

Ta ce, "Gwaggo, ai shi ya sa na ce ki zo."

Washegari na dama koko na mutum biyu, na sayo ƙosai, na yi sallama, ban jira a ce in shigo ba. Ta buɗe baki za ta fara.

Na ce, "Ban gaishe ki ba, kada ki amsa. Miƙo ludayi biyu."

Na jawo tabarmarta na zauna.